Na Ƙoshi a Kwatano

Tun da na dawo daga Kwatano ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a fadarmu ta samari ba. Da na zauna sai tambayoyi: yaya teku take, da gaske ne suna cin ƙaguwa, me ya sa na rame a hotunan farko amma na dawo da kumatu. Kun san halina, in mutane suka wuce uku bakina ba ya buɗuwa. Ga shi kuma abokinmu Sale zai tafi can bayan girbi ɗauko mota, ya matsa mini in faɗa masa wuraren da ake cin abinci mai kyau. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in sha shayina.

Ba yawon buɗe ido na je ba, aiko ni aka yi. Yayana Isufu ya daɗe a Kwatano yana aikin fito da motoci daga tashar jiragen ruwa. Can ya auri wata Bayarabiya Musulma mai suna Rafiyatu. Daga gidanmu na Cadawa babu wanda ya je ɗaurin auren. Baffanninmu sun yi ta gunaguni cewa ’yan matan garinmu ba su ƙare ba, Inna kuwa ta yi shiru, shirun nan kuma can aka ɗauke shi ƙiyayya. Da aka haifi ’ya mace Yaya ya sa mata sunan Inna, ana kiranta Ummi. Sunan ma ba wanda ya je. Yarinya ta yi tafiya, ta fara magana, Inna ba ta taɓa ɗaukar ta ba sai dai hoto a waya. Hoton ma yanzu sai ta kai shi dab da hancinta, don yanar ido ta fara rage mata gani.

Da aka gama maimai a gona, ni kuma ina hutun jami’a, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce tun da ni ne wanda rashinsa ba zai rage wa gona komai ba, ni zan tafi.

“Ka zo mini da takwarata tun ina iya ganin ta,” in ji ta. “Uwarta ce mai cewa e ko a’a, ba yayanka ba. Kuma ka kama kanka a gidan mutane, Lawali, kar ka ba ni kunya.”

Ta haɗa mini ƙaramin buhu na tsaraba: kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yakuwa. Ku riƙe buhun nan a ranku, zai dawo.

Daga Maraɗi na shiga bas. Ba mu kai Gidan Rumji ba daddawar Inna ta gabatar da kanta ga kowa. Wadda ke kusa da ni, wata Hajiya Balki ’yar Sae Sabuwa mai fataucin atamfa, ta shaƙa sau biyu ta ce ko waye ya yi wannan daddawa Allah ya yi masa albarka, amma Allah ya isa tsakaninta da wanda ya sa ta ƙarƙashin kujera. Na nutse cikin littafina kamar ba da ni ake ba. A Ƙonni ta buɗe kwanon dambu da soyayyar zabuwa ta ce bismilla. Na ce alhamdulillahi, na ƙoshi. Ta sake, na sake.

“Ƙoshin mi?” in ji ta. “Tun Madawa cikinka ya fi injin motar nan ƙara.”

Ta ɗora mini cinyar zabuwa a kan littafin, har yau maiƙon yana shafin. Na ci. Haka muka sani, haka aka tarbiyyantar da mu: baƙo ya ƙi, mai abinci ya matsa, baƙo ya sake ƙi, a matsa masa har ya ci kamar dole aka yi masa. Kowa ya fita kunyar kowa, ciki kuma ya cika.

Mun kwana a tashar Gaya a kan tabarmi. Lokacin gada a rufe take, don haka da safe sai jirgin ruwa. Na sa katin ɗan ƙasa da na rigakafi cikin leda, na sa ledar cikin wata ledar, na ɗaure a ƙirjina. Jami’in da ya duba kayana ya buɗe buhun Inna, ya rufe da sauri, ya yi mini alama da hannu in wuce. A jirgin an loda mu da babura, buhunan albasa da wani rago da ya fi ni natsuwa. Na tambayi mai jirgin zurfin kogin, ya ce shi dai bai taɓa sauka ya auna ba, amma in ina so zai tsaya a tsakiya. Hajiya Balki ta yi ta dariya har muka kai Malanbil.

Daga nan ƙasa ta fara canzawa, hatsi ya ɓace, doya ta fito. A Paraku muka tsaya cin abinci, kuma nan ne wuri na farko da zan ba Sale shawara: duk rumfar da ya ji sautin taɓare uku a turmi ɗaya, ya shiga. Sakwara suke kirɓawa a gabanka, su zuba miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. A bencin da na zauna wani dattijo da abincinsa ya riga nawa zuwa ya ce da ni cikin Faransanci in zo mu ci. Na ce na gode. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da lomarsa, bai sake kallona ba. Na ce a raina wannan dattijo marowaci ne. Da a nan na tsaya na yi tunani, da labarin nan bai yi tsawo ba.

Mun isa Kwatano da hantsi. Abin da ya fara buge ni ba teku ba ce, iska ce. Jiƙaƙƙiya ce, tana manne wa mutum, har shafukan littafina suka lanƙwashe. Sai ’yan kabu-kabu masu rawayar riga, waɗanda suke kira zem, sun cika titi kamar fari sun sauka gona. Yaya ya tarye ni a tasha, ya kai ni gida, ya ce jirgi na sauke motoci, sai yamma. Gidan haya ne, ɗaki da falo a cikin tsakar gida mai yawan mutane. Falon ne masaukina.

Matar Yaya ta fito ta russuna ta gaishe ni kamar wani babba, ni da ban kai ta shekaru ba. Hausarta ta gaisuwa ce kawai, don haka Faransanci muka yi. Na kira ta Tanti. Na miƙa mata buhun Inna, ta buɗe, ta daɗe tana kallon kukar da daddawar, ta yi godiya. Ummi ta leƙo daga bayan zanen uwarta, kuma wallahi goshin Inna ne sak.

Sai ga tire. Jan tuwon masara da suke dafawa da tumatir da romon kaza, sunansa amiwo, ga kazar kanta a soye, ga kifi, ga yajin tumatir da albasa. Rabona da abinci tun Paraku. Ta ajiye a gabana ta ce bismilla. Na tuna maganar Inna, na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi. Ta ce ko kaɗan? Na ce alhamdulillahi, wallahi a ƙoshe nake. Na gyara zama ina jiran ta uku, har na fara naɗe hannun riga a ɓoye.

Ta ɗauke tiren. Ina ji tana rufe kwanonin ɗaya bayan ɗaya.

Da yamma Yaya ya dawo, suka yi magana ƙasa-ƙasa a ɗaki. Ya fito fuskarsa a ɗaure ya ce in tashi mu je waje mu ci. Bai tambaye ni komai ba, ni ma ban ce komai ba. Daga ranar Tanti ruwan sha kawai take ajiye mini, da ladabi, ba tare da ta kalle ni ba. Na yanke a raina cewa ba ta son dangin mijinta. Da na yi ƙarfin hali na ambaci saƙon Inna, sai ta ce hanya da nisa, yarinya kuma ƙarama ce. Ta tashi ta shiga ɗaki. Haka na zama masanin gidajen abincin Kwatano ba da niyya ba.

Da safe ni da Yaya mukan tsaya wurin wani mai shayi ɗan Gine da ke da doguwar kanta da kujeru masu tsawo. Yana soya ƙwai, yana dafa taliya da hanta tun da sassafe, yana zuba madara kamar ba saye ya yi ba. Wuri ne mai kyau, amma ka ce masa ya rage madarar tun kafin ya ɗaga gwangwanin.

Ranar Lahadi Yaya ya kai ni bakin teku. Game da tekun, ruwa ne da ba shi da ɗaya gaɓar, kuma ba ya yin shiru. Ban da wannan ba ni da abin faɗi, don iska ta ɗauke mini hula tun kafin in gama kallo, na bi ta da gudu a gaban jama’a. Akwai rumfunan kaba a jere. A wadda muka shiga mai wurin ta kawo kifi ɗanye cikin baho ta ce in zaɓa. Na tambayi sunan kowanne da irin ƙayarsa, har ta gaji ta ce da Yaya ko ƙaninsa aure zai yi da kifin. Suka gasa shi, suka kawo da aceke, wani garin rogo mai ɗan tsami da ake turarawa kamar dambu, da soyayyar ayaba. Kafin ka ci sai an kawo maka ruwa da sabulu, bayan ka ci ma haka. Wannan al’ada ta burge ni. Abin da bai zauna mini ba shi ne miji da mata a kwano ɗaya, a gaban kowa, har tana cire masa ƙaya. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan kifina.

Wata rana ciniki ya yi wa Yaya kyau, ya ce zai nuna mini inda manya ke ci. Gida ne mai gilasai da sanyin da ya fi na asibiti. Aka miƙo mini takardar abinci mai bango kamar kundin digiri. Ni kuwa ban saba ajiye rubutu ban kai ƙarshe ba, na fara daga shafin farko. Mai hidima ya zo ya koma, ya zo ya koma. Daga ƙarshe na zaɓi abin da ya fi dogon suna, a tunanina zai fi yawa. Aka kawo farantin da ya kai faifai, a tsakiyarsa yankin kifi kamar kwalin ashana, da ganye kaɗan, an zana miya a gefe kamar rubutun allo. Yaya ya ce ai sunan na saya, shi zan ci. Muna fita muka tsaya wurin mai gasasshiyar masara. Sale, in ka je wurin nan ka je don sanyin.

A unguwar Zango kuwa kamar ka sauka tashar Maraɗi. Duk masu tsire namu ne, can ana kiran tsiren cacanga. Akwai wani Malam Idi mutumin Gazawa mai tuwon masara da miyar kuka a bayan wani shagon ɗinki. Da ya ji daga Cadawa nake bai tambayi sunana ba sai da ya tambayi ruwa: an yi, hatsi ya yi bununi, tsutsa ba ta shiga ba? Ya ƙara mini malmala, na ce na ƙoshi, ya ce ban isa ba, ya tura mini. Saura kaɗan in yi hawaye. Wata shawara kuma: a wajen Zango ka riƙa duba zanen da ke jikin bango kafin ka shiga. In ka ga an zana dabba mai gajeren wutsiya tana murmushi, ka yi gaba.

Matsalata ita ce rana. Yaya yana tashar jiragen ruwa, ni ina falo da littafi, ƙamshi yana tasowa daga kowane lungu na gidan. Sai in ce da Tanti zan je shan iska. A irin wannan shan iska na gano rumfar da ke kwanar mai faci, ba nisa da gida. Rufin kwano ce da bencina shuɗɗa, ba ta da allo balle suna. Mai wurin wata dattijuwa ce mai jiki, tana zaune kan kujera da carbi a hannu tana ba ’yan mata umarni. Ganin carbin ya sa na zauna.

Aka kawo mini akasa, irin kafar nan tamu ce a naɗe cikin ganye, da miyar kuɓewa ɗanya mai manja. A cikin miyar akwai kifi, ganda, jatan lande, da wani abu a kwance ƙafafu sama kamar kunamar da ta samu daula. Ƙaguwa ke nan. Na daɗe muna kallon juna. Wani ɗan zem da ke gefena ya nuna mini yadda ake ɓalle ta a tsotse. Na ɓalle tawa a hankali, ina jera ɓawon a bakin faranti, ƙafa wurin ƙafa. Amma miyar nan, jama’a, ban san yadda zan kwatanta muku ita ba. Yauƙinta daidai, yajinta yana zuwa daga baya, ba ya riga ɗanɗano isowa. Na suɗe kwano. Washegari na koma, jibi ma haka. Na lura in muka biyo ta kwanar da Yaya yakan tsallaka ɗaya gefen titi yana duban wayarsa, amma ban kawo komai ba.

Wata yamma muna falo, Tanti na yi wa Ummi kitso, shiru ya yi yawa. Na ga ya kamata in faɗi wani abu mai daɗi game da ƙasarsu, ko ta saki jiki in sake kawo maganar Inna. Na ce akwai wata mata a kwanar mai faci, tun da nake ban taɓa cin miya irin tata ba, kullum can nake cin abincin rana. Yaya ya ƙware da ruwan da yake sha. Tanti ta ja gashin Ummi har yarinyar ta yi ƙara. Ta ce, “Haka ne?” Ta ci gaba da kitsonta.

Washegari ina tsakiyar jera ɓawon ƙaguwata sai dattijuwar ta taso da ƙyar ta zauna a bencin da ke fuskantata.

“Ɗan Cadawa, miya ta yi?” Da Hausa ta faɗa, Hausa mai kyau.

Ban taɓa gaya wa kowa a rumfar garinmu ba. Na ce ta yi, Iya.

“Ni na haifi Rafiya, matar yayanka. Miyar nan kuma ba ni ke yin ta ba, gwiwa ta hana ni tsayuwa. Kullum in kun fita shan shayi ita ke zuwa ta ɗora.” Ta nuna kwanona da carbinta. “To faɗa mini. In ka saya kana suɗe kwano, in an ba ka kyauta a gidan yayanka ka ƙi. Innarka ce ta hana ka cin abincin ’yata?”

Ƙafar ƙaguwa na hannuna, na rasa inda zan ajiye ta. Cikin in’ina na yi mata bayani: cewa yunwa kamar ta kashe ni ranar, cewa jira nake a sake cewa in ci, cewa a wurinmu wanda ya kai hannu tun kiran farko ana cewa ba a ba shi tarbiyya ba. Iya ta dube ni, sai ta fashe da dariya har carbin ya faɗi. Ta juya ta fassara wa ’yan matanta, suka fassara wa masu cin abinci, ɗan zem ɗin nan har da buga benci. Ta ce ta yi zaman kasuwanci a Malanbil tana budurwa, ta san halinmu, yunwa na kashe mu muna godiya. Ta yi zargin haka tun farko, amma ta ce bari ta ga cina da idonta tukuna.

Sannan ta daina dariya. Ta ce a wurinsu in mace ta yi wa dangin miji girkin farko suka ƙi taɓawa, sun gaya mata ke nan ba ta shigo gidansu ba. Ni ne mutum na farko daga gidanmu da ya taka ƙofar ’yarta. Ga shi na zo da buhun kayan miya, wato ko miyar ma daga gida aka haɗo ni da ita don kar in ci tasu. Na ce wallahi tsaraba ce, Inna da hannunta ta daka kukar. Iya ta ce ba ita zan gaya wa ba, kuma ba za ta kai mini saƙo ba. Bakin da ya ce ya ƙoshi shi zai je ya warware.

Na tarar da Tanti tana wanki a tsakar gida, maƙwabta na ta harkokinsu. Na tsaya a kanta har ta ɗago. Abin da na faɗa ko Inna ban taɓa faɗa wa ba tun da na yi wayo.

“Tanti, yunwa nake ji.”

Ta share kumfa daga hannunta. “Ba yanzu ka taso daga wurin matar da ta fi kowa iya miya ba?”

“Ita ta turo ni wurin mai miyar.”

Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da kwano shaƙe da shinkafa da wake, da soyayyen kifi a sama. Ku tuna ban daɗe da tashi daga akasa ba. Na zauna a tsakar gidan, a gaban kowa, na cinye. Na miƙa kwanon na ce a ƙara. Da na ga ta juya tana ɓoye murmushi na san ƙarin nan, ko zai kashe ni, ya biya. Ina ci ina yi mata bayani. Ta zauna kan turmi tana dariya, daga baya ta sa bakin zane ta goge ido. Ta ce kazar ranar farko da kanta ta zaɓo ta a kasuwa tun ana cewa zan zo, ta yi ta kiwon ta a bayan ɗaki. Da na ƙi ci ita ma ta kasa, maƙwabta ta ba.

Yaya ya dawo ya same ni a miƙe kan tabarma ba na iya juyi. Da ya ji labari ya ce shi abin da aka gaya masa kawai na ƙi abinci, ya ɗauka umarnin Inna ne, kuma ya ji nauyin tambaya. Ya ce me ya sa ban yi magana ba. Na ce shi me ya sa bai yi ba. Tanti ta ce ba shakka ciki ɗaya muka fito. A daren ta yi miyar kukar Inna a karo na farko, ni ina daga kwance ina faɗa mata yawan daddawar da za ta sa. Ita da kanta ta tambayi idon Inna. Da na faɗa mata gaskiya sai ta ce da Yaya ya nemo mana mota, shi ya biyo mu in aiki ya yi sauƙi.

Sauran kwanakina a gida na ci abinci, daga nan kumatun suka fito. A hanyar dawowa kuwa na ga bai kamata abin da ya same ni ya same ta ba. Tun daga Paraku nake koya mata: in Inna ta kawo abinci ki ce alhamdulillahi, na ƙoshi, ki sunkuyar da kai, sai an matsa. Ta yi ta maimaitawa har cikin jirgin ruwa. Don in tabbatar komai ya tafi daidai, a Doso na koma gefe na kira Inna. Na ce mutanen can ba kamar mu ba ne, abin da suka faɗa shi suke nufi, in ta ce ta ƙoshi kar a matsa mata, za ta ji an takura ta. Kun san ni da son gyara abu ta kowane gefe.

Mun isa Cadawa da la’asar. Inna ta ɗauki Ummi ta kai fuskarta dab da tata, ta daɗe tana dubawa, tana shafa goshin. Sannan ta ce, “Ƙawata, kin zo.” Bayan an natsa ta kawo wa surukarta tuwon hatsi da miyar yakuwa da kaza, da hannunta, abin da ba ta yi wa kowa. Ta ce bismilla. Tanti ta sunkuyar da kai kamar a Cadawa aka haife ta.

“Alhamdulillahi, Inna, na ƙoshi.”

Inna ta ce to, ta ɗauki kwano ta juya. Tanti ta ɗago ta harare ni. Ni kuwa ina bakin ƙofa, sai lokacin na ga abin da na haɗa. Inna ta kai tsakiyar gida ta tsaya, ta dawo ta dire kwanon.

“Lawali ya ce kar in matsa miki,” in ji ta, “amma ni hannuna bai iya fita da abincin baƙo ba. Ki ci, ɗiyata.”

Tanti ta tattaro duk Hausar da take da ita ta ce, “Inna, Lawali ya ce in ce na ƙoshi. Yunwa sosai.”

Su biyun suka juyo suka dube ni. Na tuna ina da littafin da ban gama ba, na fita. Ina zaure ina jin dariyarsu. Can sai ga ƙanwata ta wuce da kwanon ba komai a ciki, ta ce baƙuwa ta ce a ƙara, kuma Inna ta ce a gaya mini ni ba sai an kawo mini ba tun da kullum a ƙoshe nake.

To Sale, ga amsarka. Ka ci sakwara a Paraku, kifi a bakin teku, tuwo wurin Malam Idi in kewar gida ta kama ka. Amma wurin da ya fi duka yana kwanar mai faci, rumfa mai shuɗɗan bencina. Sai dai ka ɗan jinkirta tafiyar, don mai miyar tana gidanmu har yanzu, Inna ta ce ba inda takwararta za ta sai an ci sabon hatsi. In ka je, ka ce Na-ƙoshi ne ya turo ka, da wannan sunan suka san ni. Kuma in an ce maka bismilla, ka wanke hannu tun a ta farko.